Mai Wankan Gawa a Alƙahira

Larabcin da na shekara talatin ina taƙama da shi a Jigawa, tun a filin jirgin Alƙahira ya fara ba ni kunya. Na tari wani jami'i na tambaye shi hanyar fita da irin Larabcin da muke karanta littattafan fiƙihu, kowane harafi da wasalinsa. Ya dube ni, ya kira abokin aikinsa, ya ce in maimaita. Na maimaita. Suka kwashe da dariya, ɗayan har da cewa "Sadaƙallahul azim," kamar wanda ya ji an idar da karatu. 'Yata Ramlatu tana bayana riƙe da jaka, ta toshe baki da gefen hijabi. Ita ce marar lafiyar, amma ba ta rasa ƙarfin yi mini dariya ba.

"Baba, a unguwarmu Yalwawa dai kai ne malamin Larabci," in ji ta.

Na ce, "A nan ma ni ne. Su ne suka lalata abinsu."

Abin da ya kawo mu wani ƙullutu ne da ya fito wa Ramlatu a gaban wuya, bai wuce girman ƙwallon dabino ba, amma tauri gare shi kamar tsakuwa. Shekarunta ashirin a lokacin. Likitocin gida suka ce sai an cire, kuma yadda suke kallon juna bai kwanta mini ba. Dangi suka haɗa hannu aka ce mu tafi Masar. Ni malamin Islamiyya ne a Dutse, amma asalinmu Ringim, gidan malamai. Abu biyu muka gada a gidan nan, allo da wankan gawa. Idan namiji ya rasu a dangi ni ake kira, idan mace ce sai a kira yayata, Yaya Hajara.

Akwai kuma abin da ba mu rubuta a kowace takarda ba. Ramlatu takan yi wani irin tashi. Tana zaune lafiya, ko ta sunkuya ruku'u, ko ta ɗaga bokiti, sai kai ya sara mata kamar zai rabe, gumi ya jiƙa ta sharkaf, zuciya ta riƙa dukan ƙirji har kana gani ta saman riga, fuska ta yi fari. Kafin a dafa shayi ya wuce. Mu muka ce iska ce. Nakan dafa kanta in yi ta karatu har ta lafa, in miƙe ina jin cewa ni na kore ta. Ba a yawo da irin wannan zance a kan budurwa, saboda haka muka rufe.

Wanda ya tarbe mu wani Bahaushe ne da ya daɗe a ƙasar, Lawwali, dillalin asibiti. Tun muna gida yake turo mana hoton masauki mai labule da furanni. Da muka isa, sai ga ɗaki biyu a hawa na shida, na'urar hawa bene ta mutu tun ban san yaushe ba, taga kuma tana kallon bangon maƙwabta. Na nuna masa hoton. Ya ce, "Ai shi ne, Malam, an dai ɗan sauya kayan ne." Baƙo makaho ne, na haɗiye. Lawwali yana da zaƙin baki irin wanda zai sayar maka da rijiyar gidanku ka yi masa godiya. Kafin ya tafi ya ja ni gefe.

"Malam, shawara ɗaya zan ba ka. Duk abin da likita ya tambaya, ka taƙaita. Mutanen nan in ka ba su ƙofa, gwaji a kan gwaji za su yi ta ɗora maka har bizarku ta ƙare. A yanke abin nan ku koma gida, shi ke nan."

Maganar ta yi mini daɗi, domin dama abin da nake son ji ke nan.

Kwanakin farko kewa ta ci mu. Garin ba ya shiru, ƙahon mota tun asuba, mutane suna magana kamar masu faɗa alhali gaisawa suke yi. Gurasa da dafaffen wake safe da yamma, har na fara mafarkin tuwon dawa. Mai gadin gidan, wani dattijo mai faɗin kafaɗa da ake kira Ammu Ragab, shi ya lura ba ma cin abinci. Ran nan sai ga matarsa ta hawo bene shida da kwano a rufe. Ramlatu ta buɗe, ta tsaya tana kallo. Miyar lalo ce, koriya shar, mai yauƙi, sai dai sun cika mata tafarnuwa. Yarinyar da ba ta yi kuka a gaban likitoci ba, ranar ta yi kuka a kan miya, ta kuma share kwanon tas.

Lawwali ya kai mu wani ƙaramin asibiti mai ƙyalƙyali. Likitan tiyata ya taɓa wuyan, ya duba hoto, ya ce ranar Alhamis za a yi aiki. Ranar Talata aka tura mu wurin wadda za ta sa ta barci, wata 'yar gajeruwar tsohuwa mai tabarau rataye da zare, Daktora Wafa. Ita ce mutum ta farko a ƙasar da ta amsa mini da Larabcin littafi ba tare da murmushi ba. Ta auna jinin Ramlatu, ya fito daidai. Ta tambaya ko takan yi ciwon kai mai tsanani da gumi. Kafin yarinyar ta buɗe baki Lawwali ya ce babu. Ni kuma ban gyara ba.

Sai ta juyo gare ni. "Mahaifinka yana raye?"

"Ya rasu."

"Me ya yi sanadi?"

"Ajali."

"Na sani, ya Shaikh. Ina tambayar rigar da ajalin ya sanyo."

Na ce gajeruwar rashin lafiya ce. Ai mu a wurinmu kowa da gajeruwar rashin lafiya yake mutuwa, ko da ya shekara goma a kwance. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Ka saurare ni. Yawancin irin wannan ƙullutu ba shi da wata illa ga aikina. Amma akwai wani iri da ke bin jini, uba ya ba ɗa, ɗa ya ba jika. Shi ba ya zuwa shi kaɗai, yana da aboki a cikin ciki. Idan abokin yana nan na sa ta barci ban sani ba, mai yiwuwa ba za ta farka ba. Akwai wani a danginku da ya taɓa yin ƙullutu a wuya?"

Na ce, "Babu."

Ta dube ni, ta dubi Ramlatu, ta sa hannu a takardar.

Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya na yi. Ina da shekara ashirin da biyar na wanke mahaifina, wanda ya faɗi a gona lokacin yankan gero yana riƙe da kai, gumi yana zuba. Da na cusa yatsu ƙarƙashin gemunsa, na ji wani abu mai tauri. Bayan shekaru na wanke ƙanensa, na ji shi a wuri ɗaya. Sai wana, Yaya Sule, wanda ya shiga tiyatar ƙaba da ƙafarsa yana zolayar masu tura gado, aka fito mana da gawa. Shi ma na ji. Ranar da na fara taɓa wuyan Ramlatu, yatsuna sun gane shi tun kafin hankalina. Amma ranar da mahaifina ya fara shigar da ni ɗakin wanka, abin da ya fara koya mini ba zuba ruwa ba ne. Cewa ya yi duk abin da hannuna ya taɓa a jikin mamaci amana ce, da ita za a binne ni. Ko uwar Ramlatu ban taɓa gaya wa ba. Na ɗauka in dai an yanke na wuyanta, magana ta ƙare.

Da la'asar muna zaune a ɗaki, ina jan carbi ba tare da na san me nake faɗa ba, sai Ramlatu ta ce, "Baba."

"Na'am."

"Kai ka wanke kakana Malam Babba. Kai ka wanke Baffa Sule."

"To, sai aka yi yaya?"

"Da matar nan ta yi tambaya, na ga ka dubi hannunka."

Na ce mata yara ba sa shiga irin wannan zance, kuma abin da ke tsakanin mai wanka da mamaci ba na kowa ba ne. Na ɗauka za ta yi musu, don bakinta ba ya mutuwa. Sai ta gyara zama ta ce a hankali, "To, Baba. Allah ya ba ka ladan amana. Alfarma ɗaya nake roƙo. In abin ya faru jibi, ka sa matar Ammu Ragab ta nemo mata masu tsoron Allah su yi mini sutura, tunda Gwaggo Hajara tana nesa."

Na ɗauki hula na sauka bene shida na tafi masallaci tun magariba da saura. Na zauna na buɗe babin wankan gawa a kaina, babin da na karantar da ɗalibai ban san iyaka ba. Abin da aka ce mai wanka ya rufe shi ne aibin mamaci, abin da zai zubar masa da mutunci. Ƙullutu a wuya wane aibi ne? Mahaifina ne ya sa wa kansa? Da na matsa wa kaina sai na tarar da wani abu a ƙarƙashin amanar, wanda ban so ganinsa ba. Tsoro nake ji a ce gidan Malam Babba suna da ciwon gado, masu neman aure su riƙa kewaye ƙofarmu. Sunan gida nake karewa, na lulluɓe shi da rigar addini, ina shirin biya da ran 'yata. Na ji kunyar Allah ƙwarai a wannan zama.

Gari na wayewa na ce zan koma asibitin, kuma ban kira Lawwali ba. Matsalar ita ce ban san hanya ba. Na nuna wa Ammu Ragab katin asibitin. Ya dubi fuskata, ya ƙwala wa matarsa kira ta zauna a bakin ƙofa, ya fito da wani tsohon babur. Haka na ratsa Alƙahira a bayansa, babbar riga tana kaɗawa, hannu ɗaya a kan hula, ina karanta duk addu'ar da na sani. Ɗan acaɓan Dutse malami ne a kan mutumin nan.

Na sami Daktora Wafa tana shan shayi a tsaye. Na ce, "Jiya na yi miki ƙarya." Ta ajiye kofin ta jawo mini kujera. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na zazzage mata komai: mahaifina da faɗuwarsa a gona, ƙanensa da ya yi ta fama da tsakuwar ƙoda, Yaya Sule da tiyatar da bai farka ba, sannan tashin da Ramlatu ke yi. Tana ji tana zana da'ira da murabba'i a takarda tana haɗa su da layi, har zuriyarmu ta tsaya a gabana kamar bishiya. Da na zo kan Yaya Sule alƙalaminta ya tsaya.

"Ta yaya ka san duk suna da shi a wuya?"

"Ni na wanke su."

Sannan ta ɗauko takardar da ta sa wa hannu jiya ta ja mata layi biyu, ta ce, "Hannunka ya yi aikin da na'urorinmu ba su yi ba. Ba mai taɓa yarinyar nan gobe."

Lawwali ya ji labari kafin azahar. Ya hawo bene yana haki, ya ce na zubar masa da mutunci a wurin mutanen da yake hulɗa da su, ya ce malamai ne da taurin kai, ya ce mu bar masa ɗakinsa. Na ce masa Allah ya saka da alheri a kan tarbar da ya yi mana. Muka fito da jakunkuna muka tsaya a bakin titi kamar korarru. Ammu Ragab ya kwashe su ya kai wani ɗan ɗaki a saman rufin gidan, kusa da kejin tattabarunsa, ya rataya bargo a tsakiya ya raba mana shi biyu. A nan muka ƙare zamanmu, kuma ya fi na Lawwali iska.

Daktora Wafa ta haɗa mu da wani likita a babban asibitin koyarwa. Can babu ƙyalƙyali, sai layi da cunkoso da jira. Gwajin farko da suka nema shi ne a tara fitsarin yini da kwana a jarka. Ni ne na rungumo jarkar nan a jirgin ƙasa, na naɗe ta da rawani, wani bawan Allah har ya tashi ya ba ni kujera yana zaton zamzam na ɗauko. Ramlatu ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙarfe. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Bayan kwanaki likitan ya kira mu ya nuna mana wani dunƙule a hoton.

Ya ce a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke zaune kamar hula, ita ke sakin abin da ke sa zuciyar mutum bugawa idan ya firgita. Ta Ramlatu ta dama ta yi ƙari, tana ambaliyar wannan abu ba tare da dalili ba. Sunkuyo ko ɗaukar nauyi yana matsa ta, jini ya hau sama lokaci ɗaya, sannan ya sauka kamar ba a yi ba, shi ya sa awo ke fitowa daidai. Iskar da na shekara uku ina kora ke nan. Ya ce allurar barci da wuƙa sun fi komai tayar da ita, kuma ga dukkan alamu abin da ya sami wana ke nan. Na wuyan kuma ciwon daji ne, amma mai tafiyar hawainiya. Ya ce ciwon ba ya tsallake uba ya faɗa kan jika, saboda haka ni ma in miƙo hannu. Na miƙa. Aka same shi a jinina, da wani ɗan ƙaramin ƙullutu a ƙarƙashin nawa gemun, wanda aka cire daga baya.

Sai da aka yi mako biyu ana ba ta ƙwayoyin da za su ɗaure jinin, ana sa ta cin gishiri da shan ruwa kamar raƙumi, kafin a shiga da ita aikin ciki. Daktora Wafa ba a asibitin take aiki ba, amma da safen nan sai ga ta da 'yar jakarta, ta ce ta zo ta tsaya kusa da abokan aikinta. Na zauna a baranda. Na sha zama a ƙofar ɗaki ina jiran a ce in shigo da ruwa da likkafani, ban taɓa sanin nauyin jiran mai rai ba sai ranar. Wajen azahar ƙofa ta buɗe. Tsohuwar ta fito tana cire hular tiyata, ta ce, "Da suka taɓa shi jinin ya yi tsalle, amma mun riga mun ɗaure shi. Ta farka. Tana tambaya ko ka ci abinci."

Na faɗi na yi sujada a kan tayil ɗin nan, mutane suna tsallake ni, ban damu ba.

Bayan ta murmure aka yi na wuyan, aka cire halittar da ƙullutun yake ciki gaba ɗaya, aka ce za ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya iya rayuwarta, tana zuwa awo. Muryarta ta dushe na 'yan makonni, na sami hutun da ban taɓa samu ba tun da ta koyi magana. Tashin nan kuwa bai sake dawowa ba. Ranar da ta yi sallah raka'a huɗu da ruku'u da sujada ta sallame lafiya, sai ta juyo ta ce, "Baba, aljanin dai Bamisire ne ya fitar da shi." Na ce ta kiyaye ni.

Zango na ƙarshe ya fi ba ni tsoro a kan duk na baya. Likitan ya ba ni takarda ya ce duk wanda ya fito daga tsatson mahaifina da ƙanensa a gwada shi, har yara ƙanana, domin wanda aka gano da wuri ana cire masa tun ciwon bai tashi ba. Kwana biyu da saukarmu Dutse muka wuce Ringim. Dangi suka cika tsakar gida, maza a kan tabarmi, mata daga bakin rumfa, an zo barka da dawowa. Bayan addu'a na miƙe na faɗi abin da na shekara talatin ina riƙe da shi, da sunan kowa. Wani ƙanena ya ce ƙasa-ƙasa, "Yanzu Yaya, wa zai ƙara neman aure a gidan nan?" Wani ya ce ai tonon asirin matattu ne.

Sai Yaya Hajara ta yunƙura da sandarta. Ta haura saba'in, kuma a gidanmu in ta miƙe kowa zama yake yi. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, don ita ta fi ni tsanani a kan wannan amana. Ba ta ko dube ni ba. Ta wuce wurin Ramlatu ta ce, "Ɗaga hijabin, 'yar nan." Ta sa yatsu biyu a kan tabon, ta bi shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, irin bin da ni kaɗai a wurin na san inda ta koye shi.

Ta ce, "Mata huɗu na wanke da shi a gidan nan. Ta ƙarshensu 'yata ce, a kan gwiwa ta tafi. Ban taɓa gaya wa kowa ba." Yatsunta suna nan a wuyan yarinyar. "Yau ne na fara taɓa wurin nan na ji shi da ɗumi."

Sannan ta juya wajen rumfa ta kira jikokinta biyu, marayun da 'yar tata ta bari, ta riƙo su hagu da dama ta kawo su gabana.

"Malam, ɗauko alƙalami. Fara da waɗannan."